Buhun Taki Na Ƙaruwa, Gona Na Ramewa

Duk wanda ya saba zama da manoman masara a Saminaka, Giwa ko Funtuwa ya san kukan da ake yi kowace damina. Za ka ji dattijo na cewa gonar da a da yake zuba wa buhu biyu ta cika masa rumbu, yanzu ko huɗu ya zuba da kyar take mayar masa da kuɗinsa. Wasu su ɗora laifin a kan takin jabu, kuma ba ƙarya suka yi ba, akwai jabun a kasuwa. Wasu su ce gona ce ta saba, in ba a ba ta ba ba za ta yi ba. Wasu kuma su rantse cewa takin zamani ƙone ƙasa yake yi. Abin da ke tayar mini da hankali shi ne, amsar wannan kuka ta daɗe da fitowa, a wani fili da ke Samaru ta Zariya, amma har yau tsarin nomanmu tafiya yake kamar ba a taɓa yin tambayar ba.

Kafin mu je Samaru, sai mun san abin da ake magana a kansa. Sinadarin da hatsi ya fi yunwarsa shi ne naitirojin. In ya yi ƙaranci, manomi ba ya jiran malamin gona ya gaya masa: ganyen ƙasa na masara ya soma yin rawaya daga tsini, kara ya tsumbure, ƙuduji ya yi wa gona ƙawanya. Shi ake saye in an sayi yuriya, domin kashi 46 cikin 100 na buhun shi ne, wato kilo 23 a buhu mai kilo 50. A buhun kamfa mai lamba 15-15-15 kuwa kilo bakwai da rabi ne kacal.

Amma ƙasa ma tana da nata rumbun. Fiye da kashi 90 cikin 100 na naitirojin da ke cikin ƙasar noma a ɗaure yake cikin baƙin maiƙon nan da ke samuwa idan ganye da saiwa da kashin dabba suka ruɓe suka haɗe da ƙasa. Shi ne ke sa ƙasar tsohon juji ta yi duhu, ta yi laushi, ta riƙe danshi. Shuka ba ta iya cin sa kai tsaye. Sai ƙananan halittun da ido ba ya gani sun ci maiƙon, suna sakin sinadarin kaɗan-kaɗan a tsawon damina. Idan ruwan fari ya sauka bayan dogon rani, halittun nan kan farka gaba ɗaya su saki mai yawa a 'yan makonni. Wannan na cikin dalilan da suka sa shukar fari ke tsere wa ta baya, abin da iyayenmu suka sani tun ba a raɗa masa suna ba.

Masu bincike sun sha yi wa taki alama don su bi sawunsa, kuma abin da suke samu kusan iri ɗaya ne: a daminar da aka zuba shi, abin da shuka ke ɗauka bai cika kai rabi ba, sau da yawa sulusi ne. Babban kason abin da ke cikin ƙwayar hatsin daga rumbun ƙasa yake fitowa. A Faransa an zuba irin wannan taki mai alama a 1982, aka yi ta bin sa kusan shekara 30. Shuke-shuke sun ɗauki kashi 61 zuwa 65 cikin 100 a tsawon shekarun, kashi 12 zuwa 15 na nan a maƙale cikin maiƙon ƙasa, kashi 8 zuwa 12 kuma ya sulale zuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wato ko takin buhun ma, sai ya samu maiƙon da zai riƙe shi kafin ya yi amfani mai ɗorewa. Gonar da maiƙonta ya ƙare kamar kwando take, kana zubawa yana tsiyaya.

To, ga Samaru. A 1950 aka yanka wani fili a tashar binciken noma ta can, wadda yau take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, aka raba shi gida 81. Aka riƙa gwada abubuwa huɗu, kowanne a mataki uku: kashin shanu, naitirojin, fosfaras da fotashiyam. Wani yanki ba a ba shi komai, wani takin zamani zalla, wani kashin shanu zalla, wani kuma a haɗa masa biyun. Haka aka yi ta nomawa shekara da shekaru, ma'aikata na ritaya wasu na gadonsu. Bayan shekara 45, masana biyu, Agbenin da Goladi, suka auna ƙasar filin suka gwada ta da ƙasar dajin da ke kusa wadda garma ba ta taɓa ba, suka buga sakamakon a 1997. Inda aka dogara da takin zamani kaɗai, maiƙon ƙasa da naitirojin ɗinta sun zube ƙasa da na dajin. Inda aka haɗa shi da kashin shanu, ƙasar ta riƙe abin da take da shi, har ta yi kafaɗa da kafaɗa da ƙasar daji duk da noman shekara 45 da aka yi a kanta.

Ina so mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani. Wannan gwaji a ƙasarmu aka yi shi, ƙarƙashin ranarmu, da ruwan samanmu, da garar da ke cin karanmu. Ba wanda zai ce labarin Turawa ne da bai shafe mu ba.

Kuma Samaru ba ita kaɗai ta ba da wannan shaida ba. A Sariya ta Burkina Faso an fara makamancin gwajin da dawa a 1960. Shekarun farko takin zamani ya ɗaga amfani sosai, daga baya amfanin ya riƙa sauka duk da ba a rage takin ba, alhali yankunan da ake haɗa wa kashin dabba sun ci gaba da bayarwa. A Sadore kusa da Yamai, inda ƙasar rairayi ce fiye da kashi 90 cikin 100, gwaje-gwajen gero da André Bationo da abokan aikinsa suka soma a shekarun 1980 sun nuna cewa gonar da ake mayar wa karanta tare da takin zamani ta fi wadda ake ba takin kaɗai nesa ba kusa ba. Wurare uku, hatsi daban-daban, magana ɗaya.

Akwai cuta ta biyu da ke tafiya tare da ramewar, ita ce tsami. Duk lokacin da yuriya ko wani taki mai amoniya ya narke ya sauya kama a cikin ƙasa, yakan bar ɗan tsami a baya. Ruwan Agusta ya zo ya wanke abin da shuka ba ta ɗauka ba, ya tafi da kalsiyam da maganiziyam tare da shi. Shekara ɗaya ba a gani, shekara biyar ma ba lalle ba. Amma idan tsamin ya taru, alminiyam da ke kwance cikin ƙasa sai ya narke ya zama guba ga saiwa. Saiwa ta gajarce, ta kasa bin danshi zuwa ƙasa, ta kasa kamo takin da aka zuba mata. Manomi ya ga ganye ya yi rawaya, ya ƙaro buhu, ya ƙara tsamin da hannunsa bai sani ba. A nan ne maganar masu cewa takin zamani na ƙone gona take da ƙamshin gaskiya. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowa zuba taki, ta ga haka a gonakinta: wani babban bincike da aka buga a 2010 ya nuna ma'aunin tsamin ƙasar nomanta ya motsa da kimanin rabin maki tsakanin shekarun 1980 da na 2000, abin da a daji kan ɗauki ɗaruruwan shekaru. Maganin tsami farar ƙasa ce da ake niƙawa daga dutse. Muna da dutsen a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe, siminti ake yi da shi. Ka shiga kasuwar ƙauye ka nemi buhun farar ƙasar gona, ka ga ko mai shagon taki zai gane abin da kake nufi.

Adalci ne a faɗi cewa ba ko'ina takin zamani ke ramar da ƙasa haka ba. A Rotamsted ta Ingila akwai gonar alkama da Lawes da Gilbert suka fara gwaji a kanta a 1843, kuma har yau ana noma ta. Can yankunan takin zamani suna ba da amfani daidai da na kashin shanu, kuma ƙasarsu ba ta zube ba, har ma ta ɗan ɗara wadda ba a ba komai, saboda shuka mai ƙoshi ta fi barin saiwa a ƙasa. Sai dai ƙasar can laka ce mai nauyi, ga sanyi da ke hana ruɓa saurin ƙarewa, ga farar ƙasa da ake zuba mata. Tamu jigawa ce, ga zafi, ga gara, ga iskar bazara mai kwashe saman gona. Abin da ƙasar Ingila za ta riƙe shekara 20, tamu tana iya cinye shi a 'yan damuna. Duk da haka, ko a can, yankin da ake zuba wa tan 35 na kashin shanu a hekta kowace shekara ya ninka maiƙonsa fiye da sau biyu, abin da takin buhu bai yi ba. Kuma sun gano cewa kashin ma in ya wuce kima yana tsiyayar da sinadari zuwa ruwan ƙasa.

Idan haka ne, me ya hana mu koma wa takin gida? A nan zancen ya fi ɗaci, domin hanyoyin da takin gida ke bi ya isa gona su ne ke toshewa ɗaya bayan ɗaya.

A karkarar da ke kewaye da birnin Kano an yi ɗaruruwan shekaru ana noma gona ɗaya kowace damina ba tare da an bar ta saura ba, kuma ba ta mutu ba. Masani Michael Mortimore ya yi nazarin yankin tun shekarun 1960, daga baya Frances Harris ta zauna da manoman Tumbau a shekarun 1990 tana auna abin da ke shiga gona da abin da ke fita. Sirrin a fili yake. Ana shuka gero da dawa tare da wake da gyaɗa. Harawa da kara su koma gida, tumaki da awaki su ci a turke, kashinsu da tokar murhu da sharar tsakar gida su taru, da bazara a ɗora wa jaki mangala a kai gona a jera tuli-tuli. Jakin da ya kai itace birni ba ya dawowa wayam, takin birni yake ɗaukowa. Kusan ba abin da ke fita daga gona bai samu hanyar komawa ba. A wuraren da ke da sauran daji kuwa, wata hanya ake bi: bayan kaka manomi ya roƙi Bafulatani ya kafa mashekari a gonarsa, ya ba shi dami ko abin da suka shirya, shanu su ci kara su kwana a wurin. Wannan ya fi ɗebo kashi daga nesa amfani, domin kusan rabin naitirojin da dabba ke fitarwa a fitsari yake, kuma fitsari ba ya shiga mangala.

Yanzu dubi abin da ya rage. Kara ya zama kuɗi, ana sayar da shi don danga da girki da kiwo, har gonar da aka girbe sai ka gan ta fayau kamar an share. Harawa ana loda ta a mota zuwa birni, musamman in Babbar Sallah ta gabato ana kiwon raguna, kuma kashin ragunan can yake ƙarewa a kwata. Sharar birni da a da ake rububinta ta cika da leda da kwalba da mataccen batir. Amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi ta yi rauni a wurare da dama, inda kowane ɓangare ke da gawar da yake kuka a kanta. A sassan Zamfara da Katsina da Sakkwato satar shanu ta raba gidaje da yawa da garkensu, har da shanun huɗa, kuma gidan da ba dabba ba shi da taki. Gonar gado kuma ana ta rabawa tana ƙanƙancewa, ba mai halin barin wani yanki ya huta. Idan ana lissafin asarar da rashin tsaro ya jawo, ana ƙirga rayuka da dukiya, kuma haka ya kamata. Sai dai akwai wata asarar da ke kwance cikin ƙasa wadda ba ta shiga lissafin kowa, kuma za ta daɗe bayan an ajiye bindiga.

Kada kuma a ɗauka ina kiran a yi watsi da takin zamani. Wanda ya faɗi haka bai yi lissafi ba. Busasshen kashin shanu irin namu bai cika wuce kashi ɗaya cikin 100 na naitirojin ba. Kafin ka tara abin da ke cikin buhun yuriya guda sai ka kwaso tan biyu ko fiye, kuma ba duka zai saki a daminar farko ba. Saniya kuma ba ta ƙirƙirar sinadari, tattaro shi take daga inda ta yi kiwo. A yankin Sahel, kafin a wadata hekta ɗaya da kashi ana buƙatar makiyaya mai faɗin hekta goma ko fiye, ga shi makiyayar ma an nome ta. Tun a 1990 masanan Holan biyu, Stoorvogel da Smaling, suka ƙiyasta cewa gonakin Afirka kudu da Sahara na asarar kimanin kilo 22 na naitirojin a kowace hekta duk shekara fiye da abin da ake mayar musu. Wannan giɓi ba zai cike da kashin awaki ba. Gonar da ba a ba komai ita ta fi kowace saurin mutuwa, kuma irinta sun fi yawa a ƙasarmu. Muna buƙatar buhun, har ma fiye da wanda muke samu yanzu. Abin da gwaje-gwajen suka nuna shi ne buhun ba ya tsayawa da ƙafarsa shi kaɗai.

Ga inda nake ganin hukumomi sun yi sake. A 2006 shugabannin Afirka sun hallara a Abuja suka yi alkawarin ɗaga amfani da taki daga kilo 8 a hekta zuwa 50 kafin 2015. Ba a cim ma adadin ba, amma tunanin ya zauna daram: ci gaban noma shi ne yawan buhu. A ƙarshen 2016 gwamnatin tarayya ta ƙulla yarjejeniya da Maroko aka fito da shirin da ya sayar da buhun kamfa a kan naira 5,500. A 2022 aka buɗe masana'antar Dangote a Lekki mai iya samar da tan miliyan 3 na yuriya a shekara. Waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, kuma ba na raina su. Amma kowace shekara gwamna zai tsaya gaban tireloli ya ƙaddamar da rabon taki, a faɗi yawan motocin da aka sayo. Ban taɓa jin an tsaya an faɗa wa jama'a yawan maiƙon da ya rage a ƙasar jihar ba, ko tsaminta ya ƙaru ko ya ragu cikin shekara goma. Sai a taron shugabannin Afirka na Nairobi na watan Mayun 2024 aka haɗa lafiyar ƙasa da taki a suna ɗaya, shekara 18 bayan Abuja, shekara 74 bayan an yanka filin Samaru. Shi kuwa manomi, farashin buhu ya ninka masa sau da yawa tun daga wancan 5,500, a daidai lokacin da gonarsa ke ƙara kasa riƙe abin da ke cikin buhun. Cizo biyu ke nan a wuri ɗaya.

Akwai abubuwan da ke hannun manomi, kuma wasu sun riga sun kama. Yuriyar da aka watsa a saman ƙasa da rana tsaka, wani kasonta iska ke tafiya da shi. Wadda aka tona aka binne a gefen shuka, aka kuma raba ta kashi biyu, ta fi zama. A Nijar an yaɗa dabarar zuba taki cikin murfin kwalba a kowane rami, kuma ta fi yin kyau a inda aka fara sa ɗan kashi, kamar ramukan tassa na yankin Tawa. Tulin takin gida da aka bari rana na duka, iska na busarwa tun daga kaka har bazara, ya riga ya yi asarar ƙarfinsa mai yawa kafin ya ga gona, alhali rami da inuwa da shimfiɗar ƙaiƙayi a turke don ya tsotse fitsari ba sa cin ko kwabo. Juya masara da waken suya yana rage ƙuduji, yana kuma bar wa ƙasa wani abu, muddin ba a kwashe ganyen duka ba.

Abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa daga Maraɗi da Damagaram ya fito. Tun tsakiyar shekarun 1980 manoman can suka daina tumɓuke duk tohon da ya fito a gona, suka riƙa zaɓen wasu suna sassabe su har su zama itatuwa. An ƙiyasta cewa hakan ya dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Cikinsu akwai gawo, wanda ke kama naitirojin daga iska, ya zubar da ganyensa da damina lokacin da gero ke son rana, da rani kuma dabbobi su taru a inuwarsa suna cin 'ya'yansa suna barin kashi. Kowane manomi ya san geron gindin gawo ya fi na fili. Wannan aiki ba tirela ce ta kawo shi ba, manoman ne suka ga itacen ya zama nasu suka kula da shi.

Sai dai duk waɗannan aiki ne mai cin lokaci, kuma lokacin shi ne abin da nake tsoron ba mu gane girmansa ba. Maiƙon da aka cinye a shekara goma ba ya dawowa a damina biyu. Mai gonar aro ko ta haya ba zai zuba kashin da wani zai ci moriyarsa ba, kuma irinsu ƙaruwa suke. Saurayin da zai gaji gona a Giwa yau zai karɓi faɗin da mahaifinsa ya bari, amma ba lalle ya karɓi ƙasar da kakansa ya noma ba, kuma babu takardar gadon da za ta nuna masa bambancin. A Rotamsted akwai wani yanki na gonar sha'ir da aka zuba wa kashin shanu daga 1852 zuwa 1871, sannan aka daina kwata-kwata. Bayan fiye da shekara 100 aka sake auna shi, aka tarar har lokacin ya fi maƙwabcinsa da bai taɓa samun kashin ba maiƙo.